Dorinar Citta

Ashirin da tara ga azumi,
hantsi bai gama ɗagawa a Kolere ba
na tankaɗe fulawa a faranti.
Mudu biyu, da ɗan abin da hannu ya ƙara don kansa.

Cittar tun jiya na daka ta,
har yanzu turmin yana sa mai wucewa atishawa.
Kanumfari bakwai, kirfa tsawon ɗan yatsa,
zumar Ngaundare a tsohuwar kwalbar magani,
man shanu daga ƙwaryar Dudu,
wadda ta rantse ba ta taɓa sirka shi ba,
ni kuma na yi kamar na yarda.

Kwaɓi ya haɗu, ƙamshi ya kai zaure,
baki kuwa a ɗaure.
Ina mai azumi za ta san ko citta ta ji?

Na leƙa ta katanga:
Madam Odil, ara mini harshenki.
Ita ta koya mini wannan aiki,
Kirsimetin da wuta ta ɗauke kwana uku
muka yi gashi da fitilar waya a haƙori.
Ta gutsura, ta lumshe ido, ta daɗe.
Tasalla, in ji ta, kin ji tsoron citta.
Ƙara.

Kwalba ce muciyata, da ita na murza.
Bakin gwangwanin tumatir ya yanka mana wata,
wuƙa ta fitar da tauraro, wani da ƙafa biyar, wani shida.
Tanko ya lanƙwasa gwangwani ya ce kifi ne,
muka bar shi a kifi.
Ladiyo, mai shekara shida da giɓi biyu,
ta ce ita dorina take so,
irin wadda ta gani daga kan gada,
ta mulmula abarta da kanta,
ciki kamar tulu, ƙafafu huɗu, ba wuya.

Tandata tukunyar ƙarfe ce,
yashin Binuwai shimfiɗe a gindinta,
garwashi a ƙasa, garwashi bisa murfi.
Zubin farko na tafi azahar.
Garwashi ba ya jiran a sallame.
Wata goma sha biyu suka yi husufi,
ko kaji sai da suka yi shawara.

Na biyu na tsuguna a kai kamar mai jinya.
Suka fito launin ƙasa bayan ruwan fari,
gefe ya yi ƙarfi, tsakiya da sauran tausayi.

Sai ado.
Farin ƙwai, niƙaƙƙen sukari, ɗigon lemun tsami,
rabi na bari fari, rabi na rina da zoɓo.
Hajjo mai lalle ta huda kusurwar leda,
ta sunkuya, ta riƙe numfashi,
ta zana wa kowane wata abin da take zana wa tafin hannu:
ganye, ɗigo, ganye, reshe mai lanƙwasa.
Dorina ta samu jan ido ɗaya babba,
ɗayan ya zurare zuwa kunne.

Aka sha ruwa, muka fita duban sama.
Garwa duka ta ɗaga kai.
Rediyo ta ce ba a gani ba, gobe a cika talatin.

Na ƙirga, sittin da huɗu,
na jera a gwangwanin madara,
na ɗora can saman kwaba, na ja kujera nesa.

Da safe hamsin da tara.
Dorina tana nan, amma ƙafarta uku.
Ladiyo ta dube ni ido cikin ido,
da jan sukari a gefen baki,
ta ce, Inna, kada ne.
A kogi haka suke yi.

Gobe in Allah ya kai mu
zan cika farantin nan mai tsagaggen baki
in miƙa ta katanga.
Shekara tara yana hawa yana sauka,
Sallah ya tafi, Kirsimeti ya dawo,
ni da Odil mun manta
ko na wace ce.